Maganar Lasin Su a Tafkin Kainji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masunta da fataken kifi na ƙasar Yawuri da Borgu, watau maganar lasin. Waɗansu suna cewa ruwa na Allah ne, kifi na Allah ne, ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya yi masa noma. To, ina dalilin da Hukuma za ta ce sai mutum ya yanki takarda kafin ya shiga su, ko kuwa ta ce kada a ja taru a gaɓa? Tambaya ce mai nauyi, ta cancanci a amsa ta da hujja, domin kada a bar talaka cikin shakka a kan abin da ya ke ciyad da iyalinsa da shi.

Lalle masu wannan magana suna da gaskiya a farkonta. Allah ya halatta farautar ruwa a cikin Suratul Ma'ida, aya ta 96, ya kuma lissafa ɗanyen naman da a ke fitarwa daga teku cikin ni'imominsa a Suratun Nahli, aya ta 14. An kuma ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mutane sun yi tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta. Amma fa abin da a ka yi tarayya cikinsa, ba a yarda mutum guda ya kwashe shi ya bar saura hannu banza ba. Cikin masu rabon kuwa har da yaran da ba su kai ga riƙe filafili ba tukuna.

An gama ginin madatsar Kainji a kan kogin Kwara cikin 1968. Ruwa ya taru, ya zama tafki tun daga madatsar har zuwa wajen Yelwa ta Yawuri, ya cinye tsohon garin Busa da gungu masu yawa, a ka ta da mutum fiye da 40,000 a ka sake musu matsuguni. A shekarun farko kifi ya yi yawa ƙwarai, zama ruwan ya kwanta a kan gonaki da ciyayi, abinci ya wadata. Masunta su ka yi ta zuwa daga nesa da kusa. Kafin shekarun 1970 su ƙare kamu ya faɗi warwas. Wanda ya ga wancan zamani ba ya bukatar a gaya masa cewa kifin tafki yana ƙarewa.

Babbar ɓarna a gaɓa a ke yinta. Karfasa takan zo inda ruwa ba shi da zurfi, ta yi ƙwai cikin ɗan rami a yashi, sa'an nan a ɗauke su a baki har su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan kifi iri iri a cikin ciyawar bakin ruwa su ke fakewa har su yi ƙwari. Shi kuwa tarun da a ke kira dala, idonsa kamar na gidan sauro ne. Warangi a ke cewa a na nema da shi, amma in an jawo shi zuwa tudu yakan share ƙasan ruwa, ya rushe ramukan, ya taho da 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Giwan ruwan da zai iya girma har mutum ɗaya ya kasa ɗaukarsa, sai a shanya shi a rana a auna a mudu. Wanda ya zuba magimfa ko maganin ƙwari a ruwa kuwa, nasa ya fi muni, domin ya kashe babba da ƙarami, ya kuma cuci wanda zai ci.

Saboda haka a ka kafa dokoki. Dokar Gwamnatin Tarayya ta 1992 ta hana su da guba ko nakiya ko lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da inci 3, in ban da kayan da a ka keɓe domin warangi. A cikin shekarun 1990 ɗin nan kuma jihohin Kebbi da Neja su ka yi nasu dokoki, a ka hana dala a tafkin, a ka sa masunta su riƙa yankar lasin, sarakuna da sarakunan ruwa su na taimakawa.

Shin Shari'a ta san irin wannan? Ta sani. Malaman fiƙihu su na da babi a kan abin da Larabawa ke kira hima, watau hurumin da shugaba ya ke keɓewa domin amfanin jama'a. Annabi ya keɓe wani wuri, Naƙi'u, a ƙasar Madina, domin dawakin Musulmi. Sayyidina Umaru ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka. Ko a ƙasar Hausa abin ba baƙo ba ne: a Argungu a kan hana su a Matan Fada, Sarkin Ruwa yana tsaro, sai ranar da a ka buɗe, shi ya sa a ke fid da manyan kifaye a wurin. Saboda haka hana jan dala a gaɓa, da ƙidaya masunta da takarda domin a san yawan ragar da ruwa zai iya ɗauka, ba su saɓa wa Shari'a ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa, su kuwa a wuyan Hukuma su ke. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa yadda Umaru ya yi wa mai tsaron hurumin wasiyya. Ya umurce shi ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken Ibnu Aufin da na Ibnu Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka su na da dabino da gonaki, shi kuwa talaka sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba. Wannan ma'auni ya kamata a ɗauka. Yaron da ke fatsa a kwata da ƙugiya ɗaya, da tsohon da ke jefa birgi domin miyar gida, bai kamata a tambaye su ko anini ba. Mai jirage da injina da yaran aiki shi ne ya cancanci nauyin lasin. In a ka wayi gari a na kama mai ƙugiya, dalar attajiri tana shanye a fili ba mai ce mata uffan, to an juya wasiyyar Umaru kai ƙasa.

Sharaɗi na biyu, kuɗin ya koma ga ruwa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin lasin ya ɗauki alkawarin sintiri, da kiyaye wuraren haihuwar kifi, da gyaran kwata. Sharaɗi na uku, a bayyana kuɗin a fili, a ba da rasiɗi, a karanta dokar da Hausa a kasuwa da ƙofar masallaci, a rubuta ta da ajami domin waɗanda ba su yi boko ba. Kuɗin da a ka karɓa ba tare da waɗannan ba, shi ne malamai ke kira maksi, karɓar dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa irin waɗannan karɓe-karɓe cikin laifofin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi.

Masunta kuma su tuna da mutanen alƙaryar nan ta bakin teku da a ka ba da labarinsu a Suratul A'arafi. An hana su su ran Asabar, sai su ka yi dabara, kamar yadda masu tafsiri su ka faɗa, su kafa tarko tun Jumma'a su kwashe ran Lahadi. Hanin Allah dabam ne da dokar Hukuma, amma halin neman hila iri ɗaya ne, kamar mai ɓoye dala da rana ya ja ta da tsakad dare. Fatake ma su na da nasu kaso. Wanda ya ba masunci bashin dala, da wanda ya sayi 'ya'yan kifi da mudu, su ne ke riƙe da kasuwar ɓarnar. In su ka ƙi saye, ba mai wahalar ja. In kuwa su ka ci gaba, wata rana za su iso Yawuri da kuɗinsu su tarad da banda ba kifi a kanta.

Allah ya ba shugabanni ikon adalci, ya ba talakawa ikon bin gaskiya, ya sa albarka a ruwan da masu cin abinci a cikinsa. Amin. Wassalamu.