Kafin Ka Zargi Manhaja, Duba Wayarka

Shagon takin zamani da nake riƙe wa lissafi a Gaya kwamfuta uku gare shi. Da damina ta faɗi, manoman Ajingi suka cika ƙofa, sai rasit ɗaya ya riƙa cin minti biyar. Maigida ya ce, "Malam, a sayo sabuwar manhaja kawai." Na ce, "Alhaji, a dakata tukuna."

Ashe kundin lissafin yana kan tsohuwar kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka, sauran biyun kuma ta Wi-Fi suke jawo shi, ta bayan bango biyu. Muka ja waya zuwa kowace kwamfuta, muka busa ƙurar, muka sauya tsohon faifan ajiya da SSD. Rasit ya koma fitowa tun manomi bai gama ƙirga kuɗinsa ba.

A ganina, mun cika saurin sayen sabo alhali ba mu gano ciwon ba. Masu ƙananan ofisoshi, kafin ku kwashi kuɗi zuwa Kano, ku duba waya, ku duba ƙura, ku duba inda kundinku yake kwana.