FILIN UWARGIDA: Gasa Dankali a Maikirowef



Wata 'yar'uwa ta rubuto mana daga Bukuru, ta ce ɗanta ya sayo mata maikirowef lokacin Kirsimati, amma har yau na'urar tana kan tebur an lulluɓe ta da zane. In ban da ɗumama shinkafa sau biyu ba ta yi kome da ita ba, gama tana tsoronta. Tana tambaya ko da gaske ne ana gasa dankali a ciki, ko kuwa daɗin bakin masu sayarwa ne kawai.

Gaskiya ne, 'yar'uwa, ana gasawa. Amma mu ma ranar da muka fara gwadawa ba mu ji da daɗi ba. Mun sa dankalin Turawa matsakaita guda biyu, bayan minti shida muka soka wuƙa, muka ji tsakiya da sauran tauri, sai muka ƙara minti goma sha biyar gaba ɗaya. Da muka buɗe, ga su nan sun yamutse, sun ƙandare kamar ƙirgi. Maigida ya duba bai ce uffan ba, ya aiki yaro sayen burodi. Na'urar ba ta da laifi. Mu ne ba mu san yadda take dafa abinci ba.

Yadda take aiki

A shekarar 1945 wani injiniya a Amurka mai suna Percy Spencer yana aiki kusa da na'urar rada a kamfanin Raytheon, sai ya ga alewar da ke aljihunsa ta narke. Daga nan aka faro. Ta farko da aka sa a kasuwa a 1947 tsawonta ya kusa ƙafa shida, nauyinta ya wuce kilo 300. Sai a 1967 aka fito da ƙarama wadda za ta zauna a kan tebur.

Babu harshen wuta ko garwashi a cikinta. Tana fid da igiyoyin lantarki ne, dangin na rediyo, su kuwa suna sa ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci su yi ta jujjuyawa da sauri, wannan motsi shi ke kawo zafi. Watau abinci da ruwan jikinsa yake dahuwa. Dankali kuwa kusan kashi 80 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, shi ya sa ya dace da ita ƙwarai.

Sai dai igiyoyin ba su kai can tsakiya ba. Iyakarsu kamar inci ɗaya daga waje, daga nan zafi yakan ratsa a hankali zuwa ciki. Masu cewa daga ciki take fara dafawa sun yi kuskure. Saboda haka bayan na'ura ta tsaya dahuwa ba ta ƙare ba tukuna. Kuskurenmu ke nan a ranar nan: da mun rufe dankalin mun dakata kaɗan, da ya ƙarasa nuna da kansa.

Game da tsoro kuma, igiyoyin ba sa zama cikin abinci. Da an buɗe ƙofa ko an kashe, sun ƙare ke nan, kamar hasken ƙwan lantarki. Ragar ƙarfen nan da kuke gani a jikin gilashin ƙofa ita ke tsare su a ciki. In dai ƙofa ta lanƙwashe, ko ba ta rufuwa sosai, a daina aiki da ita sai an gyara.

Yadda za a gasa

1. A zaɓi dankali masu girma ɗaya, kamar dunƙulen hannu. Na wajen Bokkos da Mangu sau da yawa sukan zo gauraye, manya da ƙanana, sai a ware su, in ba haka ba ƙaramin zai bushe kafin babban ya nuna. Wanda ya yi kore sosai ko ya cika tsiro a zubar, gama yana da wata guba da dahuwa ba ta kashewa. In ɗan wuri ne ya yi koren, a yanke shi da zurfi.

2. A wanke sarai, kada a fere. A soke kowanne da cokali mai yatsu kamar sau shida ko takwas, domin tururi ya sami hanyar fita. In ba a soke ba yana iya fashewa.

3. A jera su a gefen farantin tangaran, a kewaye, da ɗan fili a tsakaninsu.

4. A na'ura mai ƙarfin wat 800, guda ɗaya yakan ɗauki minti 5 zuwa 6, biyu kamar minti 9, huɗu kamar minti 15. In an kai rabin lokaci a buɗe a juya su. Ranar da wuta ba ta da ƙarfi za su fi haka daɗewa.

5. A soka wuƙa. In ta shiga da sauƙi amma can tsakiya da ɗan sauran tauri, a fitar, a rufe da kwano ko tsumma mai tsabta, a bar su minti 3 zuwa 5. In har bayan wannan ba su nuna ba, a ƙara minti ɗaya ɗaya, kada a ƙara da yawa gaba ɗaya.

Amma kada a sa rai ɓawon zai yi ƙamas-ƙamas kamar na gashin garwashi. Abin da ke da ruwa a jiki zafinsa ba ya wuce digiri 100, obin kuwa yakan kai digiri 200, shi ya sa yake soya ɓawo, ko da yake yana cin sa'a guda. Dabararmu ita ce, in dankali ya nuna a maikirowef, mu shafa masa ɗan mai da gishiri, mu ɗora a kan kurfoti ko busasshen kasko minti biyar ko goma muna juyawa. Ga ƙanshin gashi, ga shi ba a ƙona gawayi mai yawa ba.

Sai a tsaga a sa man shanu da yajin ƙuli, ko man atili, ko kifin gwangwani da albasa, ko dafaffen wake, ko miyar ƙwai. Dankalin Hausa ma haka ake yi masa, sai dai shi yana da zaƙi, yana saurin ƙonewa in an wuce da shi. Doya, kabewa da makani a yanka su, a zuba cokali biyu na ruwa, a rufe.

Abu ɗaya kuma: ƙarfin na'ura rabuwa yake yi a kan abin da aka sa a ciki. In kun ninka dankali, lokaci ma ya kusa ninkuwa. Gida mai mutum goma tukunya ta fi masa. Maikirowef ta mutum biyu ce ko uku, ko ta yaron da ya dawo daga makaranta da yunwa, ko ta tsohuwar da hura wuta ya fara yi mata wuya.

Sauran aikin gida

Ɗumamen tuwo yana yi da kyau in an yanka malmala kashi-kashi, an yayyafa ruwa, an rufe. Shinkafa ma sai an yayyafa mata ruwa. Miya a rufe ta da faranti domin kada manja ya fantsama. Alayyafo, kabeji da karas suna nuna cikin minti uku ko huɗu da ɗan ruwa kaɗan, amfaninsu kuma bai tafi cikin ruwan da za a tsiyaye a zubar ba. Alala tana yi a kofin tangaran. Amma na'urar ba za ta tuƙa tuwo ba, ba za ta soya ƙosai ba, ganda da ɗanyen wake kuwa sai tukunya.

Inda hatsarin yake

Zafinta ba ya bin abinci daidai. Wani gefe yana tafasa, wani gefe da sanyi, a wurin sanyin nan kuwa ƙwayoyin cuta suke tsira. Domin haka in ana ɗumama abincin jiya, a tsaya a tsakiya a motsa, a mai da, sai ko'ina ya ɗauki tururi. Shinkafar da ta kwana a waje cikin zafi kuma, ɗumamawa ba ta kawar da gubar da ta riga ta taru a ciki. Abin da ya lalace ya lalace.

Iyaye mata, muna roƙonku, kada ku ɗumama madarar jariri a ciki. Kwalba tana iya zama da sanyi a hannu alhali wani sashi na madarar ya isa ya ƙona bakin yaro. A tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, a girgiza, a ɗiga a bayan hannu a ji. Kunun yara ma a motsa shi sosai, a ɗanɗana kafin a ba su.

Ƙwai da ɓawonsa ba ya shiga, ko dafaffe ne, gama yana fashewa, wani lokaci ma sai bayan an fitar da shi. Ruwan shayi a kofi mai santsi yana iya wuce tafasa ba tare da ya nuna alama ba, da an sa sukari sai ya yi tsalle ya watsu a hannu ko fuska. A bar shi rabin minti kafin a ɗauka.

Ƙarfe ba ya shiga: kwanon samira, kwanon silba, gwangwani, takardar alminiyam, da farantin nan na biki mai zoben zinariya a baki, duk suna iya jawo tartsatsi. Leda da robar da ba a yi ta domin zafi ba suna narkewa cikin abinci. Tangaran da gilashi mai jure zafi su ne abin dogara. Kada kuma a kunna ta babu kome a ciki.

Zancen wuta

Wat 800 da aka rubuta a gaba ƙarfin da ke kaiwa ga abinci ne. Abin da take ja daga bango ya kai wajen wat 1,200, saboda haka ƙaramin janareta wanda bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke ta ba. Amma da yake aikinta gajere ne, minti goma bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na yunit ɗaya a mita ba, alhali obin na lantarki yakan ci yunit ɗaya ko fiye kafin dankali ya gasu.

Mai sayen ta hannu ya duba rubutun da ke bayanta. Ta Amurka an yi ta ne domin wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce, in aka jona ta kai tsaye za ta ƙone. In kuma ta lalace, kada maigida ko samarin gida su kwance bayanta. Akwai wani abu a ciki da ke riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an cire ta daga soket. A kai wa wanda ya san aikin.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Minti ukun nan na dakatawa, da motsa abinci a tsakiya, su ne mutane suka fi rainawa, su ne kuwa suka fi muhimmanci. Mun kuma lura da wani abu a gidanmu: tun da ɗumama abinci ya zama da sauƙi, kowa ya fara cin nasa a lokacin da ya ga dama, har muka yi mako ba mu zauna a kan akushi ɗaya ba. Sai muka sa doka, abincin dare da na ran Lahadi bayan an taso daga sujada tare za a ci, ko da ɗumame ne.

To, 'yar'uwarmu ta Bukuru, ki yaye zanen nan. Ki fara da dankali guda ɗaya, ki soke shi, ki ba shi minti biyar, ki rufe, ki dakata. Ki rubuto mana yadda kuka ƙare.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.