Bayan An Sallami Majinyaci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba. Saboda haka aikin tiyata na ƙanƙanta tumbi, wanda Likita Edward Mason ya soma a Amurka a 1966, sai daɗa yaɗuwa yake yi. Har daga cikin mutanenmu akwai masu tafiya Indiya ko Masar a yi musu. Abin da ya dame mu shi ne halin da sukan shiga bayan an sallame su.

A wani nau'in aikin akan yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbi. Daga nan majinyaci zai yi kamar mako biyu ba ya cin kome sai abu mai ruwa-ruwa. Zai sha ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin B12 har iyakar rayuwarsa. Mace kuwa akan hore ta da ta dakata da ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Wanda ba a karantar da shi waɗannan ba, lalle an sallame shi cikin duhu.

Ga kuma abin da wuƙar likita ba ta taɓawa, wato zuciya. Wanda ya saba huce baƙin cikinsa da abinci ya wayi gari loma kaɗan ta ishe shi. Gashi kan zube, fata ta saki. A wurinmu kuma, inda ake ɗaukar ƙiba alamar wadata, da mutum ya rame sai a shiga raɗe-raɗin wata muguwar cuta. In ya tsame hannu daga akushi da wuri, a ce ya raina girkin gida. Irin wannan kan jefa wasu cikin ciwon damuwa, su yi shiru don kunya.

Don haka muna kira ga asibitocin koyarwa da su tanadi masanin abinci da likitan halayyar ɗan Adam ga duk wanda aka yi wa aikin, ko a ina aka yi masa. A riƙa zama da iyalinsa, a yi musu bayani da harshen da suke ji, har da batun azumi. Mu ɗalibai, musamman na fannin lafiya, mu ne za mu riƙe waɗannan asibitoci gobe. Mu koya tun yau cewa jinya ba ta ƙarewa ranar da aka warware zare.