Ra'ayi: Ostireliya na zaɓar gawar da za ta yi wa kuka

Duk ranar 25 ga Afrilu, Ostireliya kan tsaya cik. Tun asubar fari ake taruwa ana tuna sojojin da suka mutu a Gallipoli, can ƙasar Turkiyya, a 1915. Babu laifi. Amma 'yan asalin ƙasar, Aborijin, waɗanda aka yi wa kisan gilla a kan ƙasar kakanninsu, har yau ba a ware musu ranar hutu ko ɗaya ta makoki ba. Wannan rainin hankali ne.

Ranar 10 ga Yuni 1838, a Myall Creek da ke New South Wales, wasu Turawa masu kiwo suka ɗaure aƙalla mutum 28 na al'ummar Wirrayaraay, galibi mata da yara da tsofaffi, suka karkashe su, daga baya suka cinna wa gawarwakin wuta. A shari'ar farko aka wanke makasan tas. Sai a ta biyu aka rataye bakwai. Jagoransu, John Fleming, ko ƙofar kotu bai taka ba; ya tsufa ana girmama shi a cikin jama'a. Kuma wai wannan ce shari'ar da ake nunawa a ce an yi adalci! Abin da sauran makasa suka ɗauka daga gare ta shi ne a riƙa yi a ɓoye, kada a bar shaida.

Kada wani ya ce mini tsohon zance ne. A 1928, a Coniston, ɗan sanda George Murray ya jagoranci farautar mutane don ramuwar kisan Bature guda. Kwamitin bincike ya amince an kashe 31, sannan ya ce kisan na bisa hujja. Masu binciken Jami'ar Newcastle, ƙarƙashin Lyndall Ryan, sun gano wuraren kisan kiyashi sama da 400, da matattu fiye da 10,000. Wannan ba aikin 'yan tsirarun ɓata-gari ba ne, haka aka ƙwace ƙasar.

Mu ma ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Daular Birtaniya da ta ƙwace Ostireliya ce dai ta shafe Satiru kusa da Sakkwato a 1906. Ɗalibanmu nawa ne suka san sunan garin?

A 2000 jikokin waɗanda aka kashe da jikokin makasan suka haɗu suka kafa wurin tunawa a Myall Creek, kuma kowane Yuni suna komawa. Sun yi abin da ya fi ƙarfin 'yan siyasa. Amma a 2023, da aka tambayi jama'a ko a ba Aborijin majalisar ba da shawara kawai a tsarin mulki, kusan kashi 60 cikin 100 suka ce a'a. Ya kamata gwamnatin Ostireliya ta sa 10 ga Yuni a kalandar ƙasa, ta kuma tilasta koyar da Coniston a kowace makaranta, da sunan Murray a ciki.