Darasin Salgado ga masu kallon karkara ta gilashin mota

A watan Mayun 2025 Sebastião Salgado ya rasu a Faris yana da shekara 81. Ƴan Nijar kaɗan ne suka san sunan wannan mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Barazil, alhali ƙasar nan tana cikin wuraren da ya fara gwada sana'arsa. A 1973 ya ajiye aikinsa na masanin tattalin arziki a Landan, ya zo Nijar ɗaukar hotunan fari. A 1984 da 1985 ya bi Mali, Cadi, Sudan da Habasha tare da likitocin Médecins Sans Frontières. Abin da Turai ta gani ta idonsa shi ne mushen shanu, da uwaye rungume da yaran da suka zama ƙashi da rai.

Kisan kiyashin Ruwanda na 1994 ya karya masa zuciya, har ya kusa jingine kamara. Sai ya karɓi gonar kiwo ta mahaifinsa a Aimorés, cikin jihar Minas Gerais. Dajin da ya sani yana yaro ya ƙare, shanu da gatari sun bar ƙasa tsirara. Matarsa Lélia ce ta ba da shawarar a sake dasa shi. A 1998 suka kafa Instituto Terra. Dashen farko ya mutu da yawa, ba su fasa ba, har itatuwan suka haura miliyan 2, idanun ruwan da suka ƙafe suka dawo, tsuntsaye ma haka. Daga nan idonsa ya sake. Mutumin da ya yi suna da hotunan yunwa da gudun hijira ya kwashe shekara takwas yana bin dazuzzuka, tsaunuka da dabbobi, aikin da ya fito a 2013 da sunan Genesis.

Kamarar dai ita ce, lissafin lokacinsa ne ya canza. Mai ɗaukar hoto da ya taso daga birni yana da kwana uku da man mota ƙayyadadde, don haka abin da ya fashe kawai yake gani. Wanda ya yi damina bayan damina yana jiran dashe ya kama, shi ke ganin abin da ke tsiro a hankali.

Wannan ciwon ido bai tsaya ga masu kamara ba. A 2005 ƴan jaridar duniya sun cika Maraɗi suna ɗaukar yara masu tamowa. Yunwar gaskiya ce, kuma hotunan sun jawo agajin da ya ceci rayuka. Ba mai musun haka. Amma a daidai wannan lokaci ne hotunan tauraron ɗan'adam suka fara nuna abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi shiru tun shekarun 1980: sassabin zamani, wato rainon tohon gawo da sauran itatuwa a cikin gona, a faɗin hekta kusan miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200. Abin kunya ne a ce sai daga sararin samaniya aka hango abin da ke gefen hanyar da kat-kat ɗin manya ke bi kullum. Kuma sai a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara wannan aiki, ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina.

Hoto kuwa yana da farashi. Ƙauyen da ba a nuna shi sai da ƙoƙon bara, buhun agaji za a tanadar masa a kasafin kuɗi. Ba za a tuna da hanyar fito da niyabe da albasa ba, balle bashin noma. Ɗan kasuwar da ke sayen hatsi a kasuwannin ƙauye ya san wannan fiye da daraktan da ke karanta rahoto a biro.

Karkara ba aljanna ba ce, kuma Salgado yana da kuɗi da gida a Faris, abin da manomin Tasawa ba ya da shi. Duk da haka darasin na nan: zuwa da kai ya fi aike, zama kuwa ya fi zuwa. Ma'aikacin da ke ɗaukar turi zuwa ƙauye a matsayin horo, da ɗan siyasar da ba ya taka can sai lokacin kamfe, da jaridar da ba ta aika wakili sai rumbuna sun ƙare, ya kamata kowannensu ya yi ko da damina guda a can kafin ya yanke wa talakan karkara hukunci.