Abin da ka saya, kai za ka ɗauka



A wannan mako za mu yi nisa kaɗan kafin mu dawo gida. A arewacin jihar Minesota ta Amurka, daf da iyakar Kanada, akwai wani daji da ake kira Boundary Waters. Faɗinsa ya haura eka miliyan 1, tafkunan da ke cikinsa kuma sun fi 1,000. Babu titi a tsakiyarsa, babu otal, a mafi yawan tafkunan ma doka ta hana jirgi mai inji. Mai son shiga sai ya nemi takardar izini, ya loda kayansa a kwale-kwale, ya wuni yana tuƙi, da yamma ya kafa tanti a bakin ruwa ya kwana. Ayari ɗaya ba ya wuce mutum 9 da kwale-kwale 4.

A wurinmu kwale-kwale abin neman abinci ne, na masunta da masu fito a Yawuri da Argungu da bakin Binuwai. A can kuwa hutu ne. Mutum ya bar gida mai wuta da ruwan famfo, ya kashe kuɗinsa domin ya je ya kwana a ƙasa sauro na cizonsa. Kada mu yi saurin dariya. Akwai sansanonin ikkilisiya a bakin dajin nan da suke shiga da matasa kamarku, su yi kwanaki ba waya, ba hayaniya, su yi addu'a su karanta Maganar Allah. Abin da ya ja hankalinmu shi ne wani ciwo da ke kama masu wannan tafiya, domin mun lura ciwon bai tsaya a Minesota ba.

Sai mun fahimci dako kafin mu fahimci ciwon. Tafkunan ba a haɗe suke duka ba. Idan ruwa ya ƙare, matafiyi zai sauke kome, ya kifa kwale-kwalen a kafaɗunsa, ya goya jakarsa, ya bi siririyar hanya cikin duwatsu da taɓo har zuwa tafki na gaba. Suna auna waɗannan hanyoyi da wani tsohon ma'auni mai kusan mita 5, wajen tsawon kwale-kwale ɗaya, kuma akwai hanyoyin da ke da ɗaruruwan irinsa. Wanda kayansa suka fi ƙarfin ɗauka ɗaya, dole ya je, ya dawo, ya sake zuwa. Tafiyar kilomita 1 ta zama masa 3. A wannan hanya babu ɗan dako, babu mai baro, babu ɗan acaɓa. Duk abin da ka ga dama ka zo da shi, bayanka ne zai biya.

Saboda haka neman rage nauyi hankali ne, kuma ya daɗe. Mutanen Ojibwe, waɗanda suka daɗe a wannan ƙasa, da ɓawon itace suke yin kwale-kwalensu domin ya ɗauku. 'Yan dakon fataken fata na zamanin da kuwa ƙunshi biyu suke goyawa a lokaci ɗaya, kowanne wajen kilo 41. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Grumman, mai ƙera jiragen yaƙi, ya soma yin kwale-kwalen alminiyon. Babbansa na mutum biyu yakan kai kilo 34. A 1965 wata masaniyar sinadarai mai suna Stephanie Kwolek ta gano zaren da ake kira Kevlar a kamfanin DuPont, yau kuma kwale-kwale mai wannan girma da aka yi da shi bai fi kilo 20 ba. Kuɗinsa yakan haura dala 3,000. Ga dattijon da bayansa ke ciwo, ko mace da ke tafiya da 'ya'yanta, kilo 14 ɗin nan da aka rage jinƙai ne. Ba za mu tsaya a kan bagadi mu ce sayensa zunubi ne ba.

Ciwon yana farawa ne da hunturu. Kusan rabin shekara tafkunan a daskare suke, ƙanƙara ba ta narkewa sai wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Mai sha'awar tuƙi yana zaune a ɗaki, ba damar fita, ga waya a hannu, ga bidiyon masu gwada sababbin kaya. A watan Maris kuma akwai babban baje kolin kayan tuƙi da ake kira Canoecopia a birnin Madison na jihar Wiskonsin. Ya riga ya sayi kwale-kwale mara nauyi. Yanzu icen tuƙinsa na katako ya soma yi masa nauyi a ido, sai ya sayi na zaren kabon. Tukunyarsa ta alminiyon lafiyarta lau, amma ga ta titaniyom. Daga nan tanti, daga nan risho, daga nan jaka. Ku lura da lissafin: saye na farko ya sauke masa kilo 14 daga kafaɗa, saye na biyar bai rage masa nauyin da ya fi na cokali ba. Kuma domin ya ɗauki kaɗan, sai ya tara da yawa. Ba abin mamaki ba ne a sami mutum da tanti uku da risho huɗu a gareji, alhali mako guda yake samu a shekara ya shiga daji.

Su da kansu sun san abin. Suna kiransa ciwon tara kaya, sunan da suka aro daga makaɗan jita, suna kuma yi wa juna ba'a a kai. Wannan ba'ar ce ma ta fi damun mu, domin abin da mutum ya mai da shi abin raha ya riga ya yafe wa kansa shi. Tun a ƙarni na 18 wani marubucin Faransa, Denis Diderot, ya ba da labarin yadda sabuwar rigar zaman gida da ya samu ta sa duk kayan ɗakinsa suka zama tsofaffi a idonsa, har ya bi su ɗaya ɗaya yana sauyawa. Sabon abu ɗaya ya isa ya kushe goma da ba su yi laifin kome ba.

A ganinmu, ba risho mutumin nan yake saye ba. Tafiyar yake saye, wadda yake gani a ransa: safiya mai hazo a kan ruwa, abokai a bakin wuta, da shi kansa a matsayin gwanin da ya san daji. Samun ainihin tafiyar yana da wuya. Sai ya nemi hutu a wurin aiki, ya shawo kan abokin da zai raka shi, ya jure ruwan sama da gajiya. Saye kuwa danna waya ne kawai, kuma yana ba da ɗan ɗanɗanon wancan daɗin na kwana biyu ko uku. Da ɗanɗanon ya wuce sai a sake dannawa. A hankali saye ya maye gurbin tafiya, mutum yana ta shiri bai tashi ba.

Ku buɗe Luka sura 12 ku sake karanta misalin mai arzikin nan da gonarsa ta yi albarka. Mukan yi saurin zuwa ƙarshen labarin, inda aka karɓi ransa a daren, mu manta da tsakiyarsa. Mutumin yana da rumbuna tun da fari, kuma ba a ce suna yoyo ba. Shawararsa ita ce ya rushe masu aiki ya gina waɗanda suka fi su. Ku kuma duba da wa yake magana: da kansa kaɗai. Babu maƙwabci a cikin lissafinsa, babu ma'aikatan da suka yi girbin, babu Allah. Hutun da yake yi wa ransa alkawari yana can gaba, bayan an gama gini. Ubangiji ya ba da misalin ne bayan ya gargaɗi taron a kan kwaɗayi, ya nuna musu cewa ba a auna ran mutum da yawan abin da ya mallaka.

Yanzu mu dawo gida. Ba mu da garejin ajiye kwale-kwale, amma wayar da ke aljihunka shekararta nawa, kuma me ta kasa yi maka kafin ka soma kallon wadda ta fito bayanta? Ƙungiyar mawaƙa nawa ce ta ce ba za ta iya fita bishara ƙauye ba sai an sauya piyano, da aka sauya kuma sai lasifika ta zama ita ce matsalar, bayan lasifika sai janareto? Akwai 'yar'uwar da ke da Littafi Mai Tsarki iri uku, da littafin rubutu mai kyau, da alƙaluma masu launi, tana jiran ranar da za ta soma karatun safe. Ɗakin karatun fasto ma bai tsira ba, don kantar littattafai ta san yadda ake sa mutum ya ji kamar ya yi nazari alhali saye kawai ya yi.

Inda mai kwale-kwale ya fi mu sa'a shi ne yana da alƙali mara son kai. Hanyar dako ba ta kallon talla. A rabin tudu, gumi na zuba, zai san gaskiyar kowane abu da ke jakarsa. Namu dakon a ɓoye yake, shi ya sa ya fi haɗari. Sunansa bashi. Yana zuwa a ƙarshen wata, ta hannun manhajar ba da rance mai ruwa mai yawa, ko adashen da aka kwasa tun ba a san me za a zuba ba. Idan kaya suka yi nauyi kuma dole a yar da wani abu a hanya, mun san abin da ake fara yarwa: baiko, kuɗin makarantar ƙane, ɗan abin da ake aika wa iyaye a gida. Kwaɗayi mabuɗin wahala, sai dai sau da yawa ba mai kwaɗayin kaɗai ke shan wahalar ba.

Wani zai ce, Fasto, ai arha ba ta ado, kuma aikin Allah ya cancanci kaya masu kyau. Gaskiya ne, kuma Littafi Mai Tsarki bai koyar da ƙyamar kayan aiki ba. A kwalejin tauhidi akan sa ɗalibai su karanta Markus sura 6 tare da Luka sura 22. A ta farko Yesu ya aiki sha biyun nan da sanda da takalmi kawai, ya hana su guzuri da jaka da kuɗi. A ta biyu, a daren da aka bashe shi, ya tambaye su ko sun rasa wani abu a wancan aike, suka ce ba su rasa ba, sa'an nan ya ce yanzu mai jaka ya ɗauki jakarsa. Tafiyar ce ke faɗin abin da za a ɗauka. Amma sai da ya fara koya musu cewa za su iya tafiya hannu wofi Allah ya biya bukatarsu, kafin ya mayar musu da jakar. Babu matuƙi mai hankali da zai yi rowar kuɗin rigar kariya daga nutsewa. Haka mu ma, in waya ce hanyar sana'arka kuma ta mutu, ka sayi mai kyau da zuciya ɗaya.

Tsofaffin matafiya a can suna da wata al'ada da ta dace mu ara. Idan sun dawo, sukan baje kayansu a ƙasa su ware abin da suka yi amfani da shi daga abin da ya je ya dawo ba a taɓa shi ba. Abin da ya gaza a hanya shi ake sauyawa. Sauran a wanke, a shanya, a ajiye sai baɗi. Wanda kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara ba lallai ya mallaki kome ba, domin a garin Ely da ke bakin dajin akwai masu ba da hayar kome, daga kwale-kwale har tukunya. Tsofaffin kwale-kwalen Grumman masu lotsattsen ciki ma har yanzu suna ɗaukar yara a sansanoni, bayan shekaru da dama.

Manzo Bulus ya gaya wa Filibiyawa cewa koyon wadar zuci ya yi, kuma daga kurkuku ya rubuta haka. Abin da ake koya yana bukatar gwaji. Ya kuma taɓa ganin yadda hadari ke sauya darajar kaya: a Ayyukan Manzanni sura 27, jirgi mai mutum 276 ya fara zubar da kayan da ya ɗauko, a rana ta uku aka jefar da kayan aikin jirgin, a ƙarshe har alkama ta bi ruwa bayan an ci an ƙoshi. Jirgin ya farfashe, amma dukansu sun kai gaɓar Malta da rai.

Ga abin da muke ba zumunta shawara a kai. Duk wanda ya kawo bukatar sayen sabon kayan kiɗa ko na sauti gaban kwamiti, ya fara faɗin a wace sujada ko a wace fita bishara tsohon ya gaza, da kuma ko an kai shi wurin mai gyara. In an yarda a saya, tsohon kada ya kwana a sito. A ƙauyukan da ke kewaye da mu akwai ikkilisiyoyin da har yanzu da ganga ɗaya da kacau-kacau suke sujada, kuma za su aiko da mai babur ya ɗauka a makon da muka kira su.