Tsakanin Yafewa da Wankewa

Sau da yawa akan ji mai magana ya haɗa "yafe" da "wanke" wuri guda, kamar dai ma'anarsu ɗaya ce. Wannan kuwa kuskure ne wanda ya kamata ɗalibin Hausa ya guje masa, domin kuwa mutuncin mutum ne ke rataye a tsakanin kalmomin biyu.

"Gafara" da "afuwa" aro ne daga Larabci. Asalin ta farko rufewa ne, ta biyu kuwa shafewa. Gafara ta daɗe a bakin Bahaushe har ta zama kalmar ladabi: da ita ake neman hanya, da ita ake girmama malami a ce "Allah ya gafarta Malam", ba don an kama shi da wani laifi ba. A Birnin Kabi da Argungu kuma akan ji "gahwara" da "ahuwa" da "yahe", bisa ga karin harshen Yamma.

To, amma dukkan waɗannan suna tabbatar da cewa an yi laifi. Wanda aka yafe wa, laifinsa na nan, an dai ɗauke masa hukunci ne. Wanda aka wanke kuwa, an bayyana wa duniya ke nan cewa tun farko ƙazafi aka yi masa. Saboda haka idan aka zargi mutum da satar da bai yi ba, sa'an nan dattawa suka ce a yafe masa, ya kuwa yi godiya, to, ya amsa sunan ɓarawo da bakinsa.

Magabata sun san wannan bambanci. Bayan faɗuwar Birnin Kabi a hannun masu jihadi a 1805, Kabawa sun koma Argungu, aka yi ta gwabzawa. Zaman amanar da aka ƙulla a shekarun 1860, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ba a kira shi afuwa ba. "Lafiyar Toga" aka ce, domin afuwa daga sama take saukowa, Bakabe kuwa bai yarda yana ƙasa ba, balle ya amsa laifi. Haka nan da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934, sulhu aka yi, aka shirya masa su a kogi, wanda daga gare shi ne bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali.